Na Riga Jirgin Zuwa Dubai

Tambayar farko da na yi a Dubai ita ta fara sa aka yi mini dariya. Na sauka a shekarar 2017 da jaka ɗaya, gilashina na walda naɗe cikin tsohuwar riga, na nufi Deira, unguwar 'yan kasuwa inda aka ce ba na rasa mai jin Hausa. A bakin wani shagon kago, wato na aika kaya ƙasashen waje, na hangi mutum da hula ƙube yana shan shayi. Na yi masa sallama, na ce, "Malam, don Allah ina ne tashar jirgin ƙasa na kaya?"

Ya nuna mini hanyar metro da hannu.

Na ce, "A'a, ba na mutane ba. Wanda ke ɗaukar kwantena daga bakin teku. Can aka sama mini aiki."

Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ce, "Isufu, zo ka ji wani sabo."

Sunana Habibu, mai walda ne ni daga Fanteka ta Kaduna. Wani ejan da ake kira Alhaji Ba-matsala shi ya yi mini hanya. Ya ce Larabawa sun shimfiɗa dogo har cikin tashar jiragen ruwa, suna neman masu walda ido rufe, da na sauka za a tarbe ni. Na yarda da shi ƙwarai, domin tun a filin jirgi kowa ya gan ni sai ya ce, "Yalla, habibi." Har na ce a raina lallai Alhaji ya yi aiki, ya ba mutanen nan sunana tun kafin in iso. Sai daga baya na gane direban tasi da mai shara da ɗan sanda duk habibi ne.

Mai hular, Malam Sabi'u sunansa, ɗan Kano ne, aikinsa aika wa 'yan kasuwa kayansu gida. Isufu kuwa mutumin Maraɗi ne. Da ya ji labarina sai ya riƙe haɓa ya ce, "Ah bon? Jirgin kaya? Ɗan'uwa, ka riga shi zuwa. Nan duk tirela ke jan kwantena."

Malam Sabi'u ya karɓi takarduna ya duba, ya ce bizar baƙunta ce, ba ta aiki ba. Na kira Alhaji Ba-matsala, wayar a kashe. Na sake kira, a kashe. Har yau da nake wannan rubutu ba a kunna ta ba.

Dariyar tasu ba ta mugunta ba ce. Da suka ga idona ya kawo ruwa, Malam Sabi'u ya tura mini kujera, ya sa aka kawo biryani, ya ce, "Ci tukuna. Ba kai ne na farko ba. Wani ma filin noman shinkafa aka ce masa zai zo gadi."

A Al Buteen, tsohuwar unguwar da ke bakin ruwa, na sami wurin kwana. A can ba ɗaki ake kamawa ba, gado ake kamawa, kuma nawa na sama ne, dab da fanka. Da safe in tura kura cikin lunguna ina kwaso katan-katan na Hajiyoyi daga shaguna, turare da takalma da labule, in kai shagon Malam Sabi'u. In kaya sun taru sai mu tafi sito a bayan gari mu cusa su cikin kwantena. Hannun da ya saba da ƙarfe da wuta ya koma ɗaurin katan da salatif. Da la'asar nakan zauna bakin ruwa ina kallon abra, ƙananan kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane, ina kiran matata Rabi. Ita na gaya wa gaskiya tun ranar farko. Ta ce, "To tunda ka je, ka duba ko akwai abin da ya karye a garin. Ba a rasa ƙarfen da ke neman walda."

Abin da ke hana ni sukuni shi ne bizar. Kullum tana ƙara gajarta, kuma in ta ƙare ban sami kamfanin da zai ɗauke ni ba, sai ko dai in koma gida hannu wofi, ko in zama mai ɓuya daga 'yan sanda. Duka biyun ba na so.

Saura kaɗan ta ƙare, ranar wata Alhamis muna sito, mun cika kwantena maƙil, sai na ji direban tirelar yana ta faɗa da wani yare. Tsoho ne dogo, gemunsa ja jawur da lalle, ɗan Pakistan daga cikin Fatanawa. Ashe ɗaya daga cikin ƙarafan da ke damƙe ƙafar kwantena a bayan tirela ne ya tsage. In ya je ƙofar tasha a haka za a koro shi, jirgin ruwan kuma ba ya jiran kowa. Malam Sabi'u ya ɗora hannu a ka, domin kayan bikin wata Hajiya na ciki, kuma ta riga ta kira shi ya fi a ƙirga.

Akwai gareji a gefen siton, da injin walda a ajiye, mai shi ya tafi cin abinci. Na roƙi maigadin da hannu da ido har ya bar ni na jawo wayar. Na ciro gilashina, wanda kullum yake cikin jakata don ban yarda in bar shi a ɗakin haya ba. Da na kunna wutar nan na ji ƙaurin ƙarfe, sai na ji kamar an mayar mini da sunana.

Da na gama, tsohon ya ɗauko guduma ya maka wa wurin da dukan ƙarfinsa. Ya sake makawa. Sannan ya juyo ya ce da guntun Larabci, "Kai mai walda ne, kake ɗaukar katan kamar jaki?"

Ya sa hannu a aljihu zai sallame ni, na riƙe hannun na ce, "Baba, aiki nake so. Shugul. Biza khalas," wato aiki, biza ta ƙare.

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "Ba Baba ba. Chacha. Chacha Gul." A yarensu kawu ke nan. Na ce masa a wurinmu caca abu ne da malamai ke hanawa. Da Malam Sabi'u ya fassara masa, ya yi dariya har da tari.

Ranar Asabar ya zo ya ɗauke ni a gaban tirelarsa, muka miƙa Jebel Ali, babbar tashar jiragen ruwa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tun daga nesa ka fara hango injinan ɗaga kaya a jere a bakin teku, dogaye kamar raƙuman dawa sun sunkuya shan ruwa. Kwantena kuwa an jibge su hawa-hawa, ja da shuɗi da kore, unguwa guda da titunanta. Layin tireloli ya miƙe iya ganinka. Chacha ya nuna da gemu ya ce, "Da na zo ƙasar nan rabin wurin nan yashi ne. Duk shekara sai tashar ta ƙara ciki."

A wajen tashar akwai wani fili da ake gyaran kwantenan da suka lotse ko suka ɓule. Manajan, wani ɗan Indiya mai suna Tomas, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce babu gurbi. Chacha ya juya ya fita. Ya koma motarsa, ya gyara ta ya tare ƙofar filin gaba ɗaya, ya kashe inji, ya fito da butar shayinsa. Motoci suka taru a baya suna ta hon. Tomas ya fito a guje yana ɗaga hannuwa.

Chacha ya ce, "Ka ba yaron nan ƙarfe ya gwada. In bai iya ba, ni da kaina zan kai shi filin jirgi."

Aka ba ni gefen wata kwantena da cokalin injin ɗaukar kaya ya huda. Na yanke wurin, na sa faci, na bi shi da walda. Tomas ya shiga ciki ya sa aka rufe ƙofa don ya ga ko haske zai shigo. Da ya fito sai ya ce, "Kawo fasfo. Kai kuma ka janye mini motar nan."

Sai da na fita daga ƙasar a bas zuwa kan iyaka na dawo kafin a juya bizar ta zama ta aiki. Chacha ya raka ni tashar bas da gurasa mai zafi cikin jarida, yana ta gargaɗina kada in saya wa kowa komai a hanya.

Kamfani ya ba ni masauki a Muhaisnah, wurin da kowa ke kira Sonapur, garin leburori. A ɗakinmu akwai ɗan Nepal da ɗan Uganda da 'yan Bangladesh biyu masu soya kifi kullum. Tafiyar bas zuwa wurin aiki doguwa ce, mu tafi muna gyangyaɗi mu dawo muna gyangyaɗi. Zafin bazara kuwa, cikin kwantena da wutar walda, ba ya faɗuwa. Sai ka matse rigarka ruwa ya zuba. Amma albashi na shiga, Rabi ta mayar da 'yarmu Ummi makaranta, ni kuma ina aikin da na iya.

Kowace kwantena da warinta. Wata taya, wata kifi, wata sabulu. Wata rana na buɗe wata, tun kafin in shiga ƙamshin ya tsayar da ni. Na haska ciki, sai ga busasshen zoɓo a warwatse a ƙasa, da yagaggen buhu mai rubutun wani ɗan kasuwa na Jigawa. Na shiga na zauna a kan katakon, na dunƙula zoɓon a hannu ina shinshinawa, hawaye na zuba ba tare da na shirya ba. Na tuna Inna tana tace shi da rariya ranar suna. Tomas ya leƙo ya ce ko na ji ciwo ne. Na ce a'a, 'yan garinmu ne suka zo. Ya ce shara ce, in kwashe in ina so. Na wanke shi sosai, na dafa da citta da kanumfari, ɗakinmu duka aka sha. Ɗan Nepal ya sha kofi ya ƙara, ya tambaya ko yana bugarwa. Chacha kuwa ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Mutanenku na da haƙuri," sannan ya juye masa sukari ya shanye.

Juma'a ta zama ranarmu ni da shi. Bayan masallaci sai in same shi inda direbobi ke ajiye motoci. A gefen tirelarsa akwai akwatin ƙarfe, in ya buɗe sai ga risho da tukunya da kayan yaji. Mu shimfiɗa tabarma a inuwar motar, ya dafa shinkafa da naman rago, mu ci da hannu. Yarenmu haɗin gambiza ne, Larabci kaɗan, Urdu kaɗan, Turanci kaɗan, sauran hannu ya ƙarasa. Na san yana da 'ya'ya mata da yake son aurarwa da ɗa a makarantar koyon aikin jinya. Na kuma san bayansa na ciwo, don in zai tashi sai ya dafa taya.

Da korona ta zo aka rufe gari, Deira ta yi tsit, Malam Sabi'u ya ce ko ƙuda ba ya shiga shagonsa. Amma tasha ba ta tsaya ba, domin mutane ko suna kulle sai sun ci. Muka ci gaba da aiki da takunkumi a ƙarƙashin gilashin walda. Bayan an buɗe kuwa kwantena suka yi ƙaranci a duniya, har wadda a da za a yar sai a ce mu farfaɗo da ita.

A lokacin ne maganar dogo ta fara yawo. Direbobi suka ce sun ga ana tara ƙasa ana gina gadoji a cikin sahara, kuma layin zai shigo har tasha. Wata Juma'a Chacha ya ajiye cokalin miya ya ce, "Ka san jirgin nan? Tafiya ɗaya zai kwashe abin da layin motocin nan duka ke ɗauka. Ba ya barci, ba ya sallah, ba shi da 'ya'ya mata."

A 2021 kwantiragina da su Tomas ya zo ƙarshe, sai wani injiniya ɗan Masar da ke kawo mana gyara ya ce kamfanin da ke shimfiɗa dogon na neman masu walda, za su koyar, kuma albashin ya fi. Da na gaya wa Malam Sabi'u ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ashe Alhajinka ba ƙarya ya yi ba, sauri ya yi."

Gaya wa Chacha shi ne aikin. Na bari sai da muka gama cin abinci, sannan na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana goge tukunya. Can ya ce, "Ni na tare ƙofa don ka ci abinci. Yanzu za ka je ka ƙera abin da zai cinye nawa."

Na ce, "Chacha, ko na je ko ban je ba, za a yi shi."

Ya ce, "To bari wani ya yi. Ba kai ba."

Ya rufe akwatinsa, ya hau mota ya ja ƙofa. Juma'ar da ta biyo na je, aka ce ya canza wurin ajiye mota. Na kira bai ɗauka ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na ce wa Rabi ko in haƙura in sabunta da su Tomas. Ta ce, "Ka karɓi aikinka, Ummi na girma. Amma duk Juma'a ka kira shi, ko bai ɗauka ba. Mutumin nan uba ne a wurinka, ya ga kiran ma ya isa." Haka na yi. Na koma sansanin ma'aikatan dogo a bayan Jebel Ali, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai in kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Waldar dogo ba irin tamu ba ce, sai da na koma ɗalibi. Ana daidaita bakin doguna biyu, a rufe su da wani mazubi, a ɗora tukunya a sama a kunna mata wuta. Narkakken ƙarfe ya gangaro fari fat ya cike tsakanin. In ya huce a goge, har sai ka shafa da hannu ba ka ji inda aka haɗa ba. Na ɓata na gwaji da yawa kafin a yarda in taɓa na gaske. Aikin ya shiga raina, amma duk sanda tirela ta wuce a babban titi sai na ɗaga kai.

Wata safiya da sanyi ya fara shigowa, muna aiki kusa da inda ake sauke kaya, sai ga tirela ta kawo kwantenar kayan aiki daga tasha. Tun kafin ta tsaya na gane ta, da ɗan tuntun ado da ke lilo a madubinta. Chacha ya sauko yana dafa ƙofa. Ya gan ni sarai. Na cire safar hannu na nufe shi da sallama. Ya amsa sallamar, don wannan ba ya iya ƙin ta, amma bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Ina abin?"

Na roƙi shugaban aikinmu, ya ba shi hular kwano da riga mai ƙyalli. Na kai shi bakin dogon. Ya taka shi da takalmi, ya ɗan harbe shi. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa saman ƙarfen, ya ce, "Ina naka?"

Na ce, "Hannunka na kansa."

Ya sake shafawa, gaba da baya. Ya miƙe, ya mayar da hular, ya koma motarsa ya zauna yana jiran a gama sauke kaya. Na koma bakin aiki jikina a sanyaye.

Ba a jima ba aka busa usur cewa kowa ya matsa daga kan layi. Jirgin aiki ne ke tafe, wanda ke kawo mana tsakuwa, kan jirgi ɗaya da taragai a bayansa, yana tafiya a hankali ƙasa na rawa. Ya zo daidai inda tirelar Chacha take, tsakaninsu shinge kawai. Sai na ji Chacha ya danna hon ɗinsa, dogo, irin wanda yake yi wa ƙananan motoci in sun shiga gabansa. Ma'aikata duk suka juya.

Direban jirgin, wani ɗan Filifin mai son wasa, ya leƙo ta taga ya dube shi. Sannan ya ja nasa.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Tsuntsaye suka tashi daga kan shinge, injiniyan nan ɗan Masar ya zubar da shayinsa, ni kaina sai da na toshe kunne. Da ta lafa, na duba sai na ga Chacha ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Na ruga a tsorace na hau matakalar motar. Ashe dariya yake yi, hawaye na bin jan gemunsa.

Ya ce, "Ka ji? Ka ji muryar ɗan banza?" Ya share ido da hannun riga. "Shekara da shekaru ina tsorata mutane a titi, yau na gamu da babana."

Na ce, "Chacha, ka yafe mini."

Ya kama kunnena ya ja, kamar yadda ake yi wa yaro. Ya ce, "Duk Juma'a ina ganin kiranka. Shinkafa kuma kullum sai ta yi saura, don hannuna ya saba auna ta mutum biyu." Ya dubi taragan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. "Ka gaya masa ya ɗauki na nesa da masu nauyi, bayana ya gaji. Amma lungunan Deira nawa ne. In ya isa ya shiga mu gani."

Shugaban aikinmu ya ɗaga mini hannu daga nesa cewa hutu ya yi. Chacha ya sauko, ya buɗe akwatin gefen motar, ya miƙo mini wuƙa da albasa.

Ya ce, "Yanka ƙanana. Kuma ka kira mini wancan mai hon ɗin, ya zo ya ci."